Shaidar Ƙeya

Ranar Asabar da ta wuce wata yarinya ta shigo gidana da waya a hannu, ta nuna mini hoton wani kitso, ta ce in koya mata kafin la'asar don gobe tana da biki. Na tambaye ta ko ta iya tsifa. Ta yi dariya ta ce, "Haba Anti Hindatu, tsifa kuma ai ba aiki ba ce." Na ba ta ruwa ta sha, muka yi sallama. Amma tun da ta fita maganar take cina, shi ya sa na ɗauko littafin da nake rubuta darasin Islamiyya na juya bayansa. Ku 'yan matan da kuke ganin kitso hira ce kawai da man shafawa, wannan naku ne.

Kan da aka fara ba ni na wata tsohuwa ne da ta fita takaba. A Bauranya ne, gidan Gwaggo Tabawa ƙanwar babana, inda nake zuwa hutu lokacin ina sakandare a Kusada. Wata huɗu da kwana goma matar ba ta sa mataji a kanta ba. Gashin ya dunƙule ya cure, in ka taɓa shi kamar tsohon buhun da ruwa ya daka. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, matar ta kwanta ta ɗora kai a cinyata, aka miƙo mini tsinken ƙarfe da man shanu a 'yar ƙwarya.

"Daga baki za ki fara, ba daga gindi ba," in ji Gwaggo. "In na ji ƙas, ke ma za ki ji ƙas."

Tun hantsi nake kan nan har aka kira azahar. Ƙafata ta mutu a ƙarƙashin matar, ba halin in motsa. Da na gama na miƙe zan karkaɗe zanina, Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Mi za ki yi?"

"Gashi ne ya zube, Gwaggo."

"Naki ne? Tsince shi tas ki ba mai shi."

Na tsince na dunƙule na sa wa matar a hannu, ta ƙulle a bakin zani. Har yau ba mai fita gidana ta bar gashinta a tsakar gida.

Hutu uku ina tsifa da wankin kai da karkashi kafin a bar ni in raba gashi. Kitson da na fara ma ba a kan mutum na yi ba, a kan gemun masara ne a gonar bayan gida. Kayan aikin ba su da yawa: tsinke, mataji mai manyan haƙora da mai ƙanana, mai, tabarma, sai 'yar kujera ta tsugunno. Sauran duk a jikinki yake. Baya ne ke biya, da kafaɗa, da yatsu. Ku dubi babban yatsana na dama in kun zo, ba ya miƙewa sosai yanzu. Kuma akwai abin da yatsa ke tsinta a kan mace wanda ba a faɗa. Kwarkwata a kan matar mai kuɗi. Makero a kan amarya. Ƙullutu a bayan kunne wanda mai shi za ta ce ƙofa ta buga, ke kuwa kin san ƙofa ba ta da zobe. Ki shafa mai a wurin, ki kauce masa da tsagarki, ki yi shiru. Makitsiyar da bakinta ya fi hannunta sauri ba ta shekara a unguwa.

Abu ɗaya ne Gwaggo ta so koya mini na ƙi. Duk kitson da ta gama, doka ne ko zane, sai ta kifa kan mace ta ɗaga jelar kitson, can ƙasan ƙeya inda gashi yake laushi ta yi wani ɗan ƙaramin kitso da bai kai tsawon yatsa ba. Ta lanƙwasa shi, ta cusa bakinsa ƙarƙashin 'yan'uwansa. In ba ɗagawa aka yi ba, ba a ganinsa. Shaida suke ce masa. Su huɗu ne suka koyi sana'a a hannun wata tsohuwa a Bauranya, ita ta ba kowace irin tata lanƙwasar. A gidan biki sai ka ga mace ta ɗaga wa wata ɗankwali ta leƙa ƙeya ta ce, "Hannun Tabawa ne."

Ni a lokacin ina ganin na yi karatu. Na ce mata wannan ya yi kama da camfi, kuma mutum ba saniya ba ne da za a yi masa shaida.

"Ba laya ba ce, 'yar boko," in ji ta. "Ke ba ki rubuta sunanki a bayan littafinki?"

"Ina rubutawa."

"To ni nan nake rubuta nawa. Zo ki ga na sauran, ki san su."

Na ce sai wani hutun. Wani hutun aka yi mini aure aka kawo ni Kankiya.

A nan na zauna da sana'ata a cikin gida, da iznin maigidana. Matan malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu jego, 'yan mata in Sallah ta matso. Kwana uku kafin Sallah ba na ganin tsakar gidana don mutane, tuwo ma maƙwabciyata Lantana ke tuƙa mini. Shuku suke so da kalaba, sai abin da suka gani a waya. Ba wadda ta taɓa tambayata shaida, ni ma ban taɓa yi ba. Da ƙarin gashi ya shigo na ce ba na sawa saboda abin da na karanta a kansa, da yawa suka koma shago bakin titi. Waɗanda suka rage muka ci gaba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar ciki, abinci kuma ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Kitso shi ne abin da mace ke fara yafewa. Wadda ke zuwa duk sati biyu ta koma sai kitson ya tsufa ya tashi, ta ɗaure da ɗankwali. Kawunan da suka zo ma sun canza a hannuna. Gashi ya yi ja, ya yi laushi, yana biyo mataji. Ba sai mace ta ce mini ba a ɗora tukunya a gidanta ba. A shekarar ne matan ƙauye suka riƙa fita bakin titi da ƙullin kaya suna tare motar Kano, zawarawa da waɗanda maza suka tafi cirani, su je aikatau gidajen da ba su sani ba.

Wata Talata bayan girbi mai unguwarmu ya aiko wa maigidana. Mota ta yi haɗari a kan titin Kano kwana biyu da suka wuce. Duk waɗanda suka rasu an zo an ɗauke su, saura mace ɗaya. A hanya ta shiga, ba a tasha ba, don haka ba a rubuta sunanta ba. Direba yana cikin mamatan. Ba waya a jikinta, ba kati. An yi cigiya a masallatai, ba wanda ya zo, fuskar kuma ba ta yadda za a nuna wa mutane ba ce. An yanke a yi mata sutura. Ni da Lantana mukan yi wankan gawar mata a unguwa, don Allah, shi ne aka ce mu je.

Ɗakin ƙarami ne a bayan asibiti, ga zafi. Matar ba za ta wuce talatin ba, siririya, tafin hannunta duk kanta irin na mai daka. Muka rufe ta, muka yi niyya. Lantana tana haɗa ruwa da magarya, ni na zauna wajen kai don in tsefe, tunda sai an warware gashi a wanke sannan a yi mata jela uku kamar yadda aka koyar. Kitson sabo ne, bai fi kwana huɗu ba, zane ƙanana a jere, tsagar a miƙe kamar an sa zare. Maza suna tsaye a waje. Wani yana ta buga ƙofa yana cewa, "Bayin Allah ku hanzarta, an gama haƙa, rana tana yi." Ni kuwa a tsifa ba a gaba na. Na bi kan nan daga goshi zuwa baya ban tsaya kallo ba.

Da na juya kan, tsinkena ya shiga wani ɗan abu a ƙasan ƙeya. Kafin hankalina ya kai wurin na riga na zare bakinsa, na warware kusan rabi.

Na ce, "Lantana, zo ki riƙe mini nan."

"Mene ne?"

"Shaida ce. Wadda ta yi kitson nan daga gidan su Gwaggo ta koya."

"Alhamdu lillahi. Wace ce?"

Na duba, na sake dubawa. Na san ba ta Gwaggo ba ce. Bayan wannan ban san komai ba. Suna ne rubuce a gabana, ni da na yi sakandare na kasa karantawa.

Lantana ta ciro waya ta ce mu ɗauki hoton ƙeyar. Na ce a'a, mace ce a kwance ba sutura, ba ta da bakin da za ta ce ta yarda. Ta ce ƙeya ce kawai. Na ce ko ƙeya ce. Aka sake buga ƙofa. Sai na bi abin da ya rage da yatsa sau uku, na ƙirga lanƙwasa, na lura da inda ya kwanta, na warware. Muka wanke ta, muka yi mata jela uku, muka sa ta a likkafani. Kafin azahar an rufe ta. Ba wanda ya zauna karɓar gaisuwa, don ba a san wa za a yi wa ba.

Washegari na ce wa Lantana ta ba ni aron kanta. Na kifa ta a cinyata na shiga gwada abin da yatsana ya riƙe. Lanƙwasa biyu na tabbata da su, ta ukun ita ce na warware kafin in gani. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kwanciyarsa. Duk yadda na kama, nawa sai ya kwanta dama, na matar kuwa hagu ya kwanta, saƙar ma kamar a juye take. Na yi na tsefe, na yi na tsefe, kwana huɗu. Lantana ta ce, "Hindatu, in kika ƙarar mini da gashin ƙeya, ke za ki yi wa Malam bayani." A rana ta biyar na murɗe hannuna ta wata irin hanya mai ciwo, ya fito kusa da abin da na gani.

Muka nemi izni, muka shiga mota zuwa Kusada, daga nan 'yan acaɓa suka kai mu Bauranya. Gwaggo tana nan da rai, amma yanar ido ta rufe mata gani, ta daɗe da ajiye tsinke. Muka ishe ta a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Bayan gaisuwa na faɗa mata abin da ya kawo mu, ban rage komai ba.

"Ashe hutun ya zo," in ji ta.

Ta ture gyaɗar gefe.

"Kawo kan."

Lantana ta durƙusa ta cire ɗankwali. Gwaggo ta goge hannu a zani ta lalubi ƙeyar. Ta daɗe tana shafawa.

"Wagga ba hannun kowa ba ce. Wa ya yi wannan ƙazanta?"

"Ni ce, Gwaggo. Rabinsa na gani, sauran na cika da ka."

"Ai na ji. Kuma kin yi shi a juye. Shekara nawa kina kitso ba ki san dama da hagu ba?"

"Haka na ishe shi. A juye yake. Kwana biyar ina fama kafin ya yarda ya kwanta haka."

Hannunta ya tsaya a kan Lantana.

"Ki ce haka kika ishe shi?"

"Wallahi haka."

"To ba ke kika juya ba. Bahaguwa ce ta yi shi." Ta saki kan. "Mu huɗu ne. Biyu sun riga mu. Bahaguwa ɗaya ce, Dije, wadda aka kai Fakuwa. Tsohuwarmu ta sha dukan hannun nan nata ya ƙi komawa dama, ta gaji ta ƙyale ta. Rabona da ita tun kafin a haife ki. In tana da rai, ita ce. Ku tahi, kada ku kwana nan."

Ba mu samu zuwa Fakuwa a ranar ba, sai washegari da hantsi. Muka yi tambaya a bakin rijiya, aka nuna mana gidan Dije makitsiya, can ƙarshen gari, dangar kara ta faɗi ta gefe ɗaya. Muka yi sallama. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune tana tsince wake a faifai, da hannun hagu. Ta shimfiɗa mana buhu, ta kawo ruwa, ta ba mu haƙuri ba fura. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce ni ɗiyar wan Tabawa ce ta Bauranya. Ta tafa hannu.

"Tabawa! Tana nan? Har yanzu bakin nan nata yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Allah Sarki. Mutuwa ta yi?" Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba ku yi kama da masu kawo goron biki ba."

"Lafiyarta lau. Wani abu muka zo ki duba mana."

Lantana ce ta matsa gabanta ta juya baya ta zame ɗankwali. Inna Dije ta ɗaga gashin ta kai ido kusa. Ta yi 'yar dariya.

"Wa ke kwaikwayona? An ci lanƙwasa ɗaya. Uku ce, ta ukun ciki take shiga."

"Inna, akwai wadda kika koya wa?"

"Wa zai koya? Yaran yanzu? Ɗiyata Rabi ma cewa ta yi wahala ce."

"Cikin kwanakin nan kai nawa kika yi wa kitso?"

"Ina mutane suke ta kitso bana? Ni ma ido ya ja baya. Kai ɗaya na yi tun Sallah, na Rabi, da za ta tahi Kano aikatau. Mijinta ya rasu bara, ga yara biyu ta bar mani, sun tahi kiwo. Na ce ba ta shiga birni da kai kamar na mahaukaciya ba." Ta ɗauki faifanta. "Yau kwana tara da tahiyarta. Ta ce in ta samu wuri za ta ari waya ta kira ɗan maƙwabtanmu. Ba ta kira ba tukuna, kun san gidan mutane."

Ta tsinci wake ɗaya, biyu. Sai ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, ta sake duban ƙeyar Lantana.

"A kan wa kika ga wannan?"

Na faɗa mata. Motar, da ranar, da kalar zanin da ke jikin matar, da wani tsohon tabon ƙuna a damtsenta na dama. Da na ambaci tabon ta rufe ido ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita har sau uku. Ba ta yi kururuwa ba. Maƙwabta ma ba su ji ba sai daga baya.

"An yi mata salla?"

"An yi, Inna. Sahu uku. Maigidana yana ciki, ya san kabarin, zai kai duk wanda kika turo."

"Wa ya wanke ta?"

"Mu biyun nan."

"Da magarya?"

"Da magarya, da turare."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo Lantana ta kwantar da kanta a cinya kamar wadda ta zo kitso, ta zare tsinke daga cikin nata gashin, ta warware abin da na yi kwana biyar ina haɗawa. Ta sake kama shi da hagu. Na matso na zuba ido, wannan karon na ga inda ta ukun take shiga. Ta gama, ta cusa bakin. Ta bar tafinta a kan ƙeyar, ba ta ɗaga ba.

"Ke kika tsefe mata?"

"Ni ce."

"Rabi ba ta son a ja mata gashi," in ji ta. "Tun tana ƙarama. Kan nan nata ba ya jure ja, sai an bi shi sannu, ana yi ana hutawa. Yini guda nake yi a kansa." Ta ɗago ta dube ni. "Ba ki ja mata ba ko, ɗiyata?"

Maza suna buga ƙofa a ranar, kuma na faɗa muku yadda na bi kan nan.

Na ce, "Ban ja ba, Inna."

Ta ce, "Allah shi yi maki albarka."